Rantsuwa biyu a wuyan mai mulki: ta bainar jama'a da ta cikin ɗaki

Duk bayan shekara huɗu, ran 29 ga Mayu, Babban Jojin Jihar Katsina kan miƙe gaban taro ya karanto wasu jimloli, zaɓaɓɓen gwamna na riƙe da Alƙur'ani yana maimaitawa. Abin ba ya cin minti goma. Kafin nan, ko da takardar shaidar cin zaɓe na aljihunsa, mutumin ba shi da ikon sa hannu a fitar da kobo daga asusun jiha. Yana sauke Alƙur'anin kuwa, 'yan sanda sun ƙame sun sara masa, jiniya ta zama tasa, ƙananan hukumomi 34 sun dawo ƙarƙashinsa. Haka aka yi wa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 1999, da Ibrahim Shema a 2007, da Aminu Bello Masari a 2015, da Dikko Umaru Raɗɗa a 2023.

Ka shiga cikin masu tafi da sowa a filin ka tambaya, shin me gwamna ya rantse zai yi? Da wuya ka samu mai ba ka amsa. Da Turanci ake karantawa, ga kiɗa, ga kirari, ga masu hangen inda za su kutsa su gaisa. Wannan matsala ce, amma akwai wadda ta fi ta. Mafi yawan masu muƙami a ƙasar nan rantsuwa biyu ce a wuyansu. Akwai wadda suka yi a fili ga Najeriya da tsarin mulkinta, akwai kuma wadda suka yi a ɗaki, ga ubangidan da ya tsaya musu. Ranar da biyun suka yi karo, kowa ya san wadda ke faɗuwa.

Mu fara da ta fili. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ajiye lafuzzanta a Jadawali na Bakwai. Akwai rantsuwar biyayya ga Tarayyar Najeriya, sai ta kama aiki, wadda ta shugaban ƙasa daban ce, ta gwamna daban, ta mataimaka da ministoci da kwamishinoni daban. 'Yan majalisa da alƙalai su ma kowa da tasa. Sashe na 185 ya ce gwamna ba zai fara aiki ba sai ya bayyana kadarorinsa da basussukan da ke kansa, sannan ya yi rantsuwar biyayya da ta kama aiki. Sashe na 180 kuma ya ce daga ranar rantsuwar ake ƙirga masa shekarunsa huɗu.

Kotuna ba su ɗauki wannan ranar da wasa ba. Peter Obi ya yi shekara kusan uku yana shari'a a kan zaɓen Anambra na 2003, ba a rantsar da shi ba sai ran 17 ga Maris 2006. Da aka yi zaɓen 2007 aka rantsar da Andy Uba, Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Obi bai ƙare ba, domin daga rantsuwarsa ake lissafi. Uba bai cika sati uku a kan kujera ba ya sauka. Wasu gwamnoni biyar, cikinsu da Aliyu Wamakko na Sakkwato da Murtala Nyako na Adamawa, sun so su ci moriyar wannan hukunci. An soke zaɓensu na 2007, suka sake ci, aka sake rantsar da su, sai suka ce a fara ƙirga musu daga rantsuwa ta biyu. Ran 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce a'a, ta farko ce abin lura, duk su biyar su sauka. Ko lokacin da Shugaban Ƙasa 'Yar'aduwa ke jinya a Jidda, abin da ya fara ta da hankalin lauyoyi har da batun wa zai rantsar da sabon Alƙalin Alƙalai, tunda bisa al'ada aikin shugaban ƙasa ne. Ƙarshe dai mai barin gado, Idris Legbo Kutigi, shi ya rantsar da magajinsa Aloysius Katsina-Alu ran 30 ga Disamba 2009. (Kada sunan ya ruɗe ka, mutumin Binuwai ne.)

Wato doka ta san ranar da aka yi rantsuwa, ta san wanda ya ba da ita, har tana iya tuɓe gwamna a kan kuskuren lissafin kwanakinta. Inda ta yi sanyi shi ne a kan abin da aka rantse ɗin.

Abin da gwamna ke faɗa yana da nauyi. Ya ce zai yi wa Tarayyar Najeriya biyayya ta gaskiya, zai kiyaye tsarin mulki ya kare shi, ba zai bar son zuciyarsa ya shiga hukuncinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka ba tsoro ba alfarma, ba don ƙauna ba kuma ba don ƙiyayya ba. Ya ce ba zai fallasa sirrin ofis ba, zai bi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma zai yi ƙoƙarin kiyaye manufofin da ke Babi na Biyu na kundin. A wannan babin ne aka rubuta cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. A nan ne aka ambaci ilimi kyauta idan hali ya yi, da isassun asibitoci, da hana dukiyar ƙasa taruwa a hannun 'yan tsiraru. A duk cikin lafuzzan nan ba sunan jam'iyya, ba sunan ubangida.

To amma rantsuwa bashi ce, bashi kuwa sai da mai bi. Manomin Batsari da ya kasa zuwa gonarsa, wa zai kai wa kuka cewa an saɓa masa alkawarin tsaro? Idan ya nufi kotu, sashe na 6 na kundin ya riga ya rufe ƙofa, don ya cire Babi na Biyu daga abubuwan da kotu za ta tilasta a aiwatar. Idan gwamnan ne da kansa ake zargi da laifi, sashe na 308 ya sa masa rigar kariya har sai ya sauka. Saura majalisar dokoki, wadda sashe na 188 ya ba ikon tsigewa. Mu mutanen nan mun ga tsigewa tun kafin a ba mu jiha a 1987. A tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamna a 1979, amma jam'iyyar NPN ke da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, suka kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Kakakin majalisar lokacin Mamman Abubakar Ɗanmusa ne, mataimakin da aka rantsar a madadinsa kuma Abba Musa Rimi, duka biyun 'yan ƙasar Katsina. Kowa da ra'ayinsa a kan Balarabe, amma abin da ya kayar da shi yawan ƙuri'un abokan hamayya ne. Juya lissafin ka gani: inda kusan duka kujerun majalisa na jam'iyyar gwamna ne, kuma shi ya zaɓo masu zama a kansu, ko me ya aikata ba mai ɗaga yatsa.

Sojoji ma da rantsuwa suke shiga aiki, kuma ba ta hana juyin mulki ba. Muhammadu Buhari na Daura ya hau mulki ne daren 31 ga Disamba 1983, aka jingine tsarin mulkin 1979, sannan abokan aikinsa suka kifar da shi a watan Agustan 1985, ana cikin hidimar Babbar Sallah. Bayan shekara 30 ya dawo ta akwatin zaɓe, ya ɗaga Alƙur'ani ran 29 ga Mayu 2015. A jawabinsa na ranar ya ce ya rantse da Littafi Mai Tsarki kuma yana da niyyar cikawa, ya ƙara da cewa shi na kowa ne, kuma ba na kowa ba ne. Abin da ya sa jimlar ta yi farin jini shi ne mutane sun gane da wa yake: masu jiran a biya su ladan wahalar kamfe.

Ƙasar Hausa ta san mubaya'a tun kafin a san Najeriya. A 1804, bayan hijira daga Degel zuwa Gudu, jama'a suka yi wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello na sahun farko. Daga nan tuta ta iso Katsina a hannun su Malam Ummarun Dallaje, ta isa Daura a hannun Malam Isiyaku. Sarakunan Haɓe da suka ƙi miƙa wuya suka yi ƙaura, na Katsina suka kafa Maraɗi, na Daura suka zauna Zango da Ɓaure. Waccan mubaya'ar sharaɗi gare ta, kuma sharaɗin ya hau kan mai karɓa kamar yadda ya hau kan mai bayarwa. Tushensa jawabin Sayyidina Abubakar ne ranar da aka naɗa shi halifa, inda ya ce a yi masa biyayya muddin yana yi wa Allah da ManzonSa biyayya, in ya saɓa to ba biyayyarsa a kan kowa. Sakkwato kuwa tana da hannun da za ta bi bashin. A wajajen 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Sarkin Katsina Siddiku, ɗan Ummarun Dallaje, bayan koke-koke sun yi yawa a kansa.

A ƙasa da sarakuna akwai caffa. Mutum ya je ya faɗi gaban mai sarauta ko attajiri ya zama baransa. Shi zai yi masa hidima, ya bi shi yaƙi, ya tare masa faɗa. Ubangida kuma zai ba shi riga da doki, ya yi masa aure, ya tsaya masa gaban alƙali. Idan ubangida ya gaza, bara na iya kwashe kayansa ya kai caffa wani gida. Siyasarmu ta yau, in ka cire fosta da lasifika, da yawanta wannan tsarin ne.

Da Turawa suka zo, sun gane cewa da Alƙur'ani ake ɗaure mutanen nan. A 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗi, Gwamna Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Rantsuwar da Turawa suka tsara wa sarakunan Arewa ta ce sarki zai yi wa Sarkin Ingila Edward na Bakwai da wakilinsa biyayya, zai bi dokokinsu da umarnin Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, muddin ba su saɓa wa addininsa ba, in kuwa sun saɓa zai sanar da Razdan nan take. Ta ce ba zai ƙulla ha'inci a zuciyarsa ba, kuma zai mulki jama'arsa da adalci. Dubi wayon da ke ciki. An bar wa sarki ƙofar addini don ya iya rantsewa hankali kwance, amma mabuɗin ƙofar na hannun Razdan. Wanda Bature ya ga biyayyarsa ba ta cika ba kuwa, rawaninsa ya tafi. Ba a daɗe ba aka tuɓe Abubakar aka naɗa Yero. A 1906, shekarar tawayen Satiru, aka tuɓe Yero aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe Katsina har 1944, kuma zuri'arsa ke sarauta har yau. A wajajen lokacin dai Turawa suka maido da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa. Ba yabon mulkin mallaka nake yi ba. Rantsuwarsu ta yi aiki ne don bindiga na tsaye a bayanta, kuma wanda take karewa shi ne mai bindigar.

Wannan gadon yana nan. Gwamna ke miƙa wa sarki sandar mulki, sarki ya naɗa hakimai da dagatai su kawo mubaya'a. A Katsina ran Hawan Bariki, Sarki ke hawa ya tafi Gidan Gwamnati, kamar yadda kakanninsa ke zuwa wurin Razdan. Hakimai kuma su yi jafi, su jinjina wa Sarki suna "Allah ya ja zamaninka", abin da a da yake nufin ga mu da dawakinmu, muna nan a kan alkawari. Shi ma wannan bashin daga sama kawai ake bin sa. Da gwamnatin Kano ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ran 9 ga Maris 2020, babban laifin da ta ambata rashin biyayya ne.

Abin mamaki shi ne, al'ummar da rantsuwar ofis ba ta dame ta ba, ita ce kuma ke rawar jiki idan aka ce Alƙur'ani a kotun Musulunci. Ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja na wuyan mai ƙara, rantsuwa na kan wanda ya musa. A fiƙihun Malikiyya ma, idan dukiyar da ake jayayya a kai ta kai rubu'in dinari, ana tsananta rantsuwar a kai mutum masallacin Juma'a. Duk wanda ya saba zama kotunan Katsina ko Daura ya ga mutumin da ya gwammace ya biya kuɗin da yake ganin ba a bin sa, da ya dafa Alƙur'ani. Dangi ma kan ja shi gefe su ce, "Bar shi, Alhaji, mu za mu haɗa kuɗin." Tsoron shi ne rantsuwa ta ci mutum, ko ta bi 'ya'yansa. Kafin Musulunci ya game ko'ina, da aradu ake rantsuwa, ga kwarankwatsa nan har yau ba ta bar bakin mutane ba.

Malamai sun kasa rantsuwa gida uku. Akwai ta lagawu wadda ba a kama mutum da ita. Akwai wadda aka ƙulla a kan abin da za a yi nan gaba, wadda in an karya ta sai kaffara, kamar yadda aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Sai gamusa, wato mutum ya rantse a kan ƙarya yana sane, wadda girmanta ya wuce kaffara, sai tuba. Wani zai ce ashe gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma da ya karya rantsuwar ofis, mudu kaɗan na hatsi sun fitar da shi ke nan. Ba haka ba ne. Kaffara na goge laifin ambaton sunan Allah a kan abin da ba a cika ba. Albashin malamin firamare da aka danne, ko maganin asibiti da aka karkatar, haƙƙin bayi ne, ba ya faɗuwa sai an mayar ko an yafe. Masu cewa ai rantsuwar gwamnati ce, ni a zuciyata wani abu na nufa, su ma hadisi ya toshe musu hanya, domin ya ce rantsuwa na bisa niyyar wanda ya nemi a yi ta ne.

Yanzu sai ta cikin ɗaki. Duk wanda ya taɓa kusantar zaɓen fid da gwani ya san yadda daren ke kasancewa. A tara daliget a otal ko a gidan wani babba, wani lokaci a karɓe wayoyinsu, a raba ambulan, sannan a fito da Alƙur'ani kowa ya dafa cewa ba zai ci amana ba. Shi ɗan takarar ma sau da yawa ya riga ya yi tasa gaban wanda ya ɗauki nauyinsa: kujerun kwamishina kaza naka ne, kwangila kaza taka ce, ba zan yi komai ba sai na shawarce ka, ranka ya daɗe. A ƙasa kuma, ana gobe zaɓe, a bi mata gida-gida da taliya da sabulu da atamfa, wani wurin a nemi su ma su rantse.

Wannan rantsuwar ta fi ta fili kama mutum, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da Hausa ake yin ta, mai yi ya san abin da ya faɗa. Abin da aka nema ƙayyadadde ne, ƙuri'a ɗaya ko kujera ɗaya, ana iya gane an cika ko ba a cika ba. Wanda aka yi wa ita mutum ne mai suna, ya san gidanka, ya san surukanka, kuma gobe zai iya hana ka tikiti ko ya sa a kore ka daga aiki. An riga an karɓi kuɗi, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ita Tarayyar Najeriya da aka yi wa waccan rantsuwar ba ta da zaure, ba ta aiko maka da yaro cikin dare.

Ba mu kaɗai ke yi ba. A Anambra, rikicin Gwamna Chris Ngige da ubangidansa Chris Uba ya fito da labarin zuwa wurin tsafi na Okija don ɗaure alkawari, kuma ran 10 ga Yuli 2003, wata biyu bai cika ba da rantsar da Ngige, 'yan sanda suka tsare shi aka fito da takardar wai ya yi murabus. Bambancin kawai, su gunki suka je wa, mu kuma Littafin Allah muke jawowa cikin cinikin. A ganina namu ya fi muni. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. Duk mai bin labarin sauya sheƙa a Najeriya ya san fuskokin da wannan siffar ta dace da su.

Ita matar da aka sa ta rantse a kan ƙullin taliya fa? Asalin karɓar kuɗi don sayar da ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe, malamai da dama kuma sun sa shi cikin rashawa. Rantsuwa ba ta halatta haram. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, to ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Wannan bayani ya kamata a riƙa jin sa a huɗubobin Juma'a gab da zaɓe fiye da yadda ake ji, domin masu raba taliyar da jahilcin mutane a kan hukuncin suke cin kasuwa. Ita ma rantsuwar ɗakin iyakarta ranar da yaro ya fi ubangida ƙarfi. Da zarar asusun jiha da jami'an tsaro sun koma hannunsa, mai bin bashin ya zama abin tausayi, shi ya sa rigimar gwamna da wanda ya gada ta zama ruwan dare a jihohinmu.

Inda rantsuwa ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a jihar nan shi ne sulhu da 'yan bindiga. Gwamnatin Masari ta yi sulhu a 2016, ta sake yi a 2019, har gwamna ya je bakin daji ya zauna da su, hotuna suka zaga duniya. A 2020 ya fito ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. Ran 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar, ya bayyana a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya miƙa makamai, ya rantse da Alƙur'ani gaban gwamnatin Zamfara cewa ya tuba. Wata uku ba su cika ba ya koma daji, can aka kashe shi a faɗa da wata daba.

Mutane da yawa sun ce ga shi nan, Alƙur'ani ya ci shi. Allah ne masani. Amma mai neman fahimtar dalilin rushewar irin wannan sulhu sai ya duba tsarinsa. Wanda ya rantse shugaban daba ɗaya ne cikin dabobi masu yawa, ba ya da iko da sauran, wani lokaci ko yaransa ba ya iya tsawata wa. Ranar da ya ajiye bindiga, abokan gabarsa na daji ba su ajiye tasu ba. Su ma suna da nasu ƙorafin, cewa an yi musu alkawarin sakin 'yan'uwansu da ke tsare, da hana 'yan sa-kai kashe su a kasuwanni, da burtali da mashaya da makaranta, ba a cika ba. Ɓangare ɗaya ke dafa Alƙur'ani gaban kyamara, ɗaya ɓangaren jawabi kawai yake yi. Ba kuma wani na uku da duka biyun ke shakka, wanda zai ce kai ka saɓa, ga hukuncinka. Gwamnatin Raɗɗa ta sha cewa ba za ta nemi sulhu da ɗan bindiga ba, amma a 2025 al'ummomi a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da wasu wurare sun zauna da mutanen daji da kansu. Ba na ganin laifin wanda ya gaji da binne 'yan'uwansa. Sai dai 'yan bindigar kan zo wurin zaman da makamansu a kafaɗa su koma da su, kuma wanda ke riƙe da bindiga shi ke fassara yarjejeniya.

Akwai ƙananan rantsuwoyi da muke yi kullum har mun daina jin su. Yaran firamare na jera sahu kowace safiya suna karanta alkawarin biyayya ga ƙasa, wanda Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976 gwamnatin Obasanjo ta karɓa. Ko da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, alkawarin bai canja ba. Masu yi wa ƙasa hidima na rantsuwa a sansaninsu, sababbin ɗaliban jami'a na yi, ma'aikatan zaɓe na yin ta rashin nuna ɓangaranci bisa dokar zaɓe. Sai takardar rantsuwa ta kotu, wadda mutum ke zuwa ya karɓa don shaidar shekarun haihuwa. A nan ne da yawanmu muka fara koyon cewa ana iya sa hannu a ƙarƙashin rantsuwa a kan abin da aka san ba haka yake ba. Ma'aikacin da ya zaftare shekara biyar don ya jinkirta ritaya, da bakinsa zai zauna a majalisar unguwa yana tsine wa kwamishinan da ya ci amana.

Lokaci-lokaci a kan ji masu cewa a tsananta rantsuwar shugabanni, a kai su masallacin Juma'a, a sa su ambaci bala'in da zai same su in sun saɓa. A Kudu ma akwai masu cewa a koma rantsuwa da ƙarfe da tsawa. Na fahimci takaicin, amma wanda ya dafa Alƙur'ani a otal ana gobe zaɓen fid da gwani ba ƙarin lafazi ne zai girgiza shi ba. Da a ce za a karanta rantsuwar da Hausa bayan ta Turanci, a buga ta a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da ko ba komai jama'a sun san bashin da suke bi da wanda suke bin sa.

Yanki ɗaya ne na rantsuwar fili da ake iya aunawa da alƙaluma, shi ne bayyana kadarori. Doka ta ce mai muƙami ya cike takarda wurin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ranar shiga, da duk bayan shekara huɗu, da ranar fita. A kan wannan takardar ce aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a watan Janairun 2019, ana saura makonni a yi babban zaɓe, abin da ya sa har yau ake gardamar ko doka ce ta yi aiki ko siyasa. 'Yar'aduwa kuwa bai jira an tambaye shi ba. A watan Yunin 2007 ya sa aka buga tasa takardar kowa ya gani, dukiya ta kusan naira miliyan 856, shi ne shugaban Najeriya na farko da ya yi haka. Doka ba ta tilasta masa ba, kuma kaɗan ne suka bi sawunsa. Kundin tsarin mulki ya ce kowane ɗan ƙasa na iya duba waɗannan takardu bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Shekaru suka yi ta shuɗewa majalisar ba ta gindaya su ba, hukumar kuma ta sha kafa hujja da hakan tana mayar da 'yan jarida da ƙungiyoyi hannu rabbana. 'Yan majalisar da aka bar wa aikin rubuta sharuɗɗan, su ma takardun kadarorinsu na cikin waɗanda za a buɗe.